Wuya Daban, Maƙogwaro Daban

Abin da ya fi ci wa Rekiya rai ba zagin ba ne, godiyar da ta yi ce.

Shekara tara tana dafa shayi a wata hukumar gwamnati da ke Jabi, can hawa na biyar inda manya suke. Duniyarta ɗan kicin ne mai taga ɗaya, da butar lantarki, da kofuna, sai kuma muryar Darakta Al-Amin. Mutumin yana da murya, wannan kam ba mai musu. In ya miƙe yana jawabi da Turanci sai ka ga baƙi suna gyaɗa kai tun kafin su gane inda ya dosa. Sai dai muryar 'yar lallaɓa ce, sanyin ofis kaɗan sai ta dushe. Don haka kullum ƙarfe tara na safe Rekiya take kai masa ruwan citta da kanumfari, da zuma cokali ɗaya, da rabin lemon tsami. Ba wanda ya iya haɗin sai ita. Sakatariyarsa Precious ta taɓa gwadawa lokacin da Rekiya ta je Karshi biki, kurɓa ɗaya ya yi ya tofar a kwandon shara.

Akwai kuma wani aikin da ba a rubuta a takardar ɗaukarta ba. Duk ranar da aka yi babban taro aka kawo abinci daga waje, kafin a buɗe wa baƙi, Darakta zai leƙo kicin ya rage murya ya ce, "Rekiya, a tuna da gida." Shi ke nan, ta san sauran. Sai ta jawo kulolinsa uku daga ƙarƙashin kanta, ta danna kaji a ɗaya, soyayyiyar shinkafa a ɗaya, farfesu a ta ukun, direbansa Habibu ya bi da su ta matakalar baya zuwa but ɗin mota. Ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Babba ya ce a yi, an yi.

Ranar da abin ya faru, taro ne na wakilan jihohi, kuma baƙin sun fi yadda aka zata yawa. Layin abinci bai kai rabi ba kaji suka ƙare ƙarƙaf. Wani dattijo mai babbar riga ya ɗaga farantinsa sama, ba komai ciki sai shinkafa da ɗan kabeji, ya tambaya da ƙarfi ko kajin Abuja tashi suke yi bayan an soya su. Aka yi 'yar dariya, idanu suka koma kan Darakta, don shi ne mai masaukin baƙi. A daidai lokacin Rekiya ta zo wucewa da tire a hannu, cikin sabuwar atamfarta, ta kafa ɗauri. Darakta ya miƙa hannu ya nuna ta, ya saki muryar nan tasa mai daɗi.

"Ask this one," ya ce. "Our Rekiya has a very long throat."

To, Rekiya ba ta yi boko ba, amma wanda ya shekara tara a hawa na biyar ba ya rasa tsintar Turanci. Ta san long, dogo ke nan. Ɗaya kalmar ma ta sha jin ta, don kullum Darakta yakan dafa wuyansa ya ce "my throat, my throat" in yana neman ruwan cittarsa. Ta haɗa biyun a ranta, sai ta samu dogon wuya. Kuma gaskiya ne, tana da shi. Tun tana budurwa a Karshi ake zancen wuyanta. Marigayi mijinta Lukmanu har ya koma ga Allah yana cewa shi wuyan ya fara gani a kasuwa, sai daga baya ya lura akwai mutum a ƙasansa. Shekara shida rabon da wani ya ambaci wuyan nan, yau ga babban mutum ya ambata a gaban baƙi.

Sai ta ji kunya mai daɗi ta rufe ta. Ta russuna da tiren a hannu, ta shafa wuyan da ɗaya hannun, ta yi murmushi.

"Na gode, Oga. Thank you, sir. Haka Allah ya yi ni."

Zauren ya fashe. Dattijon nan mai faranti sai da ya zauna don kar ya faɗi. Wata mata ta ƙware da lemo. Rekiya ta ɗauka raha ce irin ta manya, ita ma ta taya su, ta koma kicin ta jingina da kanta tana tuna Lukmanu har da 'yar ƙwallarta. Ba ta ga wayoyin da aka ɗaga ba.

Kafin mako ya zagayo sunanta ya ɓace. Masu gadi a bakin ƙofa, masu shara, masinjoji, kowa "Lontirot, ina kwana," "Lontirot, Oga na kira." Tana amsawa da fara'a, har tana mamakin yadda mutane suka farga da wuyanta a lokaci ɗaya. Da hoton bidiyon ya hau tudun Mpape, inda take haya a ɗaki ɗaya, masu acaɓa ma suka ɗauka. Mai nama ya ƙara mata tsoka ɗaya yana ƙyafta wa abokinsa ido, ita kuwa ta yi masa addu'a.

Magdalena ce ta kasa jurewa. Maƙwabciyarta ce, ƙofa da ƙofa, malamar firamare 'yar wajen Pankshin, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ranar Asabar da hantsi suna wanki a tsakar gida, ta tsame hannunta daga kumfa ta goge a zane.

"Rekiya, bar kayan nan ka zauna. Kai ka san abin da mutumin nan ya ce maka kuwa?"

"Wane mutum?"

"Ogan ka. Na ga video a wayan wani teacher, suna ta dariya a staff room. Ni ban yi dariya ba."

Ta kama hannun Rekiya ta ɗora a gefen wuyanta. "Wannan, da ake sa sarƙa a kai, sunansa neck. Wuya." Sannan ta ja yatsun zuwa gaba, ta danna su a ɗan ramin da ke ƙasan haɓa. "Haɗiye yawu. Ka ji abin da ya motsa? Na ciki, inda abinci yake wucewa, inda murya yake fitowa. Shi ne throat. Maƙogwaro."

Rekiya ta haɗiye yawun, ta ji abin ya hau ya sauka a ƙarƙashin yatsunta. Dogon maƙogwaro. Ba ta buƙaci a ƙarasa mata ba, amma Magdalena malama ce, ba ta barin darasi a rabi.

"Long throat ba ma Turancin littafi ba ne, broka ne. Mai kwaɗayi. Wanda in ya ga abinci hankalinsa ya tashi. Ya gaya wa baƙi kai ka cinye kajinsu, kai kuma ka durƙusa ka ce haka Allah ya yi ka."

Rekiya ta sauke yatsunta daga maƙogwaronta. Ta tuna hannunta, wannan hannun, yana danna cinyoyin kaji cikin kula har murfin ya ƙi rufuwa. Ta tuna mai nama da ƙarin tsokarsa. Da ta zo kan tsayuwar da ta yi a kicin tana kukan daɗi da sunan Lukmanu a bakinta, sai wani abu ya tokare ta a daidai wurin da aka nuna mata. Da ɓarauniya ya kira ta kai tsaye da Hausa, da ta yi kuka ta rantse, a wuce wurin. Amma ya zage ta da harshen da ya san ba ta ji, ya bar ta ta yi godiya, ya kuma sa ta jawo mijinta daga kabari ya taya ta murna. Wannan ne ba za ta yafe ba, kuma a ranar ta san ba za ta yafe ba.

"Ka kai ƙara," in ji Magdalena. "Akwai office na complaint, ba?"

"Akwai. A ƙarƙashinsa yake."

"To ka daina amsa sunan."

"A'a." Rekiya ta jawo bokiti ta ci gaba da cuɗa rigar da ta bari. "Malama, alfarma biyu nake nema. Kar ki gaya wa kowa na sani. Sannan kalmar nan, ki koya mini ita duka, kar ki rage komai."

Magdalena ta koya mata kuwa, Asabar bayan Asabar, a bakin bokitin wanki. Ashe kalmar tana da 'ya'ya. In maƙogwaro na ciwo, sore throat. Gyaran muryar nan da Darakta yake yi kafin jawabi, wai share maƙogwaro Turawa suke ce masa, clear your throat, sai ka ce tsakar gida. In mutum biyu sun sa juna gaba, an ce suna maƙogwaron juna. In magana ta ƙi faɗuwa don kunya ko baƙin ciki, ta maƙale a throat. Wannan ta ƙarshen Rekiya ta sa aka maimaita mata sau uku, ta ce ta yi mata.

Faɗar kalmar ce aiki. Bakin Rekiya tirot yake bayarwa, wani lokaci sirot. Magdalena ta ce ta fito da kan harshe tsakanin haƙora ta hura iska, kamar mai fitar da ƙayar kifi. Rekiya ta ce wannan ai rashin kunya ne, mace da girmanta tana zaro wa mutane harshe. Amma ta yi. Tana yi gaban ɗan madubinta da safe, tana yi a bayan acaɓa in suna gangarowa daga tudu, iska na kwashe sautin. Cikin wata biyu kalmar ta zauna a bakinta tsaf, har Magdalena ta ce ta fi hedimastansu iyawa. Sai Rekiya ta naɗe ta ta ajiye, ba ta sake furta ta gaban kowa ba.

A ofis kuwa ba abin da ya canja. Lontirot tana amsawa, har da russunawa. Darakta ya mayar da ita abin nishaɗin baƙinsa. In aka yi baƙo mai muhimmanci sai ya danna ƙararrawa, ta shigo da tire, ya ce, "Gaya musu, wa ya ba ki long throat?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ne, Oga." Ya buga tebur yana dariya har da tari, ita kuma ta miƙa masa ruwan citta. Ba ƙaramin abu ba ne ka riƙe kofin mutumin da ka tsana kullum safiya, kai kaɗai da shi a kicin. Ta yi tunanin barkono. Ta yi tunanin abin da ya fi barkono, ta yi istigfari. Amma ko barkonon ma me zai yi? Tarin minti biyar a ofis, ƙofa a rufe. Ita ba a ɗaki aka tozarta ta ba, gaban mutane ne, kuma gaban mutane take son nata.

Wata bakwai tana jira, sai ga dama ta zo da ƙafarta. Shugaban hukumar zai yi ritaya, za a ɗauki magajinsa cikin daraktoci uku, kuma kowa ya ce Al-Amin ne a gaba. Aka sa walimar ƙarshen shekara ranar wata Alhamis da rana, a filin ciyawar da ke bayan ginin, aka ce shugabar kwamitin gudanarwa za ta zo da kanta. Hajiya Indo ke nan, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda aka ce har yanzu in ta kalli darakta ta saman tabarau sai ya duba ko maɓallin rigarsa a ɓalle yake. Bakinta ne zai fi nauyi a zaɓen.

Al'adar walimar ce a ƙarshe ƙaramin ma'aikaci ɗaya ya tashi ya yi godiya a madadin na ƙasa. Kullum shugaban masu gadi ne yake yi, ya karanto abin da aka rubuta masa. Rekiya ta sami Precious tana gyara farce a teburinta.

"Anti Precious, ina so bana ni zan yi godiya. Oga ya yi mini abin da ba zan manta ba, ina so in faɗa gaban mutane."

Precious ta dube ta, dariya na cin ta. "You? Mama, you wan talk for microphone? Kai, Oga zai so wannan." Ta shige ofis da sauri. Ta cikin ƙofa Rekiya ta jiyo dariyar Darakta, ta ji yana cewa madalla, Hajiya za ta ga yadda na ƙasa suke ƙaunarsa. Ya ce Precious ta tsaya kusa ta riƙa juya wa waɗanda ba sa jin Hausa.

Da ta gaya wa Magdalena, malamar ta riƙe baki. "Za su kore ka, Rekiya. Kai ba permanent staff ba ne. Ka yi tunani."

"Na yi. In sun kore ni, Rekiya za su kora. Yanzu wadda ke zuwa aikin nan ba ni ba ce."

Ranar Alhamis ta sa atamfar nan dai ta ranar taron jihohi, ta kafa ɗauri irin na ranar. Wajen sha biyu masu abinci suka sauke kaya a kicin. Tana tsaye tana addu'a a ranta kar Allah ya shiryi mutumin nan yau, ya bari sai gobe. Ba a jima ba ƙofa ta motsa, Darakta ya leƙo.

"Long Throat, a tuna da gida."

"An gama, Oga."

Ba ta taɓa cika kulolin nan kamar ranar ba. Ta danna, ta ƙara dannawa, sai da ta hau murfin ta kaji da gwiwa. Habibu ya ɗauka yana nishi ya bi matakalar baya. Sannan ta dafa ruwan citta, ta zuba a filas, ta ɗora kofi ɗaya a tire ta sauka da su.

An kafa rumfuna, manya a gaba, na ƙasa a baya wajen katanga. Kamar yadda ta zata, nama bai kai baya ba. Direbobi da masu shara suka karɓi shinkafa tsura suna ƙunƙuni. Aka yi jawabai. Darakta Al-Amin ya yi nasa, ya yi kyau ƙwarai, ya yi magana kan riƙon amana har aka tafa masa sau biyu. Sannan mai gabatarwa ya ce saura godiyar ƙananan ma'aikata. Darakta ya karɓe lasifikar da kansa.

"Hajiya, bari ki ga 'yar gidana. Ina Long Throat? Zo, zo."

Rekiya ta ajiye tiren a gefen teburin manya ta fito. Zuciyarta a tsaye take. Ta russuna wa Hajiya Indo, ta russuna wa Darakta, ta riƙe lasifikar da hannu biyu kamar za ta ƙwace.

"Salamu alaikum. Ni ban yi boko ba, ku yi haƙuri da ni. Amma Oga ya koya mini kalma ɗaya mai daɗi. Ranar taron jihohi ya yabe ni gaban baƙi, ya ce ina da lontirot."

Dariya ta tashi. Precious ta juya da Turanci tana ƙyalƙyalawa, aka ƙara wata. Darakta ya jingina da kujera yana kallon Hajiya, yana jiran ta yi tata.

"Tun ranar nake jin nauyi," Rekiya ta ci gaba, "don yabon ya fi ƙarfina. Ni a wa? Nawa ɗan ƙarami ne. Yau nake so in mayar wa mai abu abinsa. Wallahi tallahi, a ginin nan, daga ƙasa har hawa na biyar, babu mai lontirot irin na Oga."

Wannan karon dariyar daga baya ta fi ƙarfi, har da masu buga kujera. Darakta ma ya yi, amma ta tsaya masa a haƙora. Ya ɗaga hannu alamar ya isa haka. Rekiya ta yi kamar ba ta gani ba, fuskarta fal murmushi irin na wadda ba ta san komai ba.

"Kuma ga shi mutum mai tuna gida. Mata, ku ji da kyau. Shekara tara, ba a taɓa sauke abinci a ofishin nan Oga ya manta da iyalinsa ba. Kafin baƙo ya sa loma ɗaya, sai ya leƙo ya ce, Rekiya, a tuna da gida. Kula uku, ta kaji, ta shinkafa, ta farfesu. Ranar da ya yabe nin ma, kajin nan da baƙi suka yi ta nema, ai ba ɓata suka yi ba. Suna gidan Oga lafiya lau, ni na zuba da hannuna."

Precious ta kai "three coolers" ta tsaya cak, bakinta a buɗe. Hajiya Indo ta ajiye cokalinta.

"Bar fassarar, 'yata, kowa ya gane," ta ce. Ta dubi Rekiya ta saman tabarau. "Ci gaba, baiwar Allah."

"Na kusa gamawa, ranki ya daɗe. Yau ma da yake rana ce babba, bai manta ba. Suna but. Ga Habibu can, ya kai motar inuwa don kar farfesun ya lalace. Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje masu tuna gida irin Oga. Allah ya ƙara masa lontirot. Ku ce amin."

Daga wajen katanga, inda ake cin shinkafa tsura, amin ɗin ta taso kamar a masallacin Juma'a. A gaba kuwa ba wanda ya yi motsi. Sauran daraktocin biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Wayoyi sun tashi sama, kuma wannan karon Rekiya ta gan su sarai, har ta ɗan juya musu fuska.

Hajiya Indo ta waiga. "Wane ne Habibu?"

Habibu ya miƙe a hankali, makullin mota a hannunsa, yana kallon ciyawa.

"Haka ne abin da ta faɗa?"

"Ranki ya daɗe," in ji Habibu, "ni direba ne."

Hajiya ba ta ƙara tambaya ba. Ta kalli farantinta mai cinya biyu, ta kalli na mutanen baya, ta ture nata gefe. Sannan ta juya ga Darakta ta zuba masa ido, ta naɗe hannu tana jira.

Ya miƙe. Ai dole ya miƙe. Ya karɓi lasifikar daga hannun Rekiya, ya yi murmushin da ya saba, ya yi gyaran murya. Me zai ce? In ya ce ƙarya take, mota tana inuwa, makulli na hannun Habibu. In ya ce zaginsa ta yi, sai ya fara bayyana wa Hajiya ma'anar sunan da ya kira ta da shi minti biyar da suka wuce, da kuma dalilin da ya sa ya bar ta tana godiya wata bakwai. Ya sake gyaran murya. "Madam Chair," ya fara, "this woman, she doesn't..." Muryar ta dushe. Ya yi tari, lasifikar ta kwashi tarin ta watsa har bakin titi. Ya sake buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

Rekiya ta san ranar Litinin wataƙila takardar kora na jiran ta a bakin ƙofa. Ta san hawa tudun Mpape ba aiki ba wasa ba ne. Duk da haka wani sanyi ya sauka mata a ƙirji wanda rabonta da shi tun ranar wankin nan. Ta je gefen tebur ba gaggawa, ta buɗe filas, ta tsiyaya ruwan citta, ƙamshin kanumfari ya tashi. Ta kawo masa a tire ta russuna, kamar kowace safiya ta shekara tara. Mutanen da ke kallo suka ce kai, baiwar Allah, ko yanzu ba ta san me ta yi ba.

Ya miƙo hannu ya ɗauki kofin. Ta matso kusa yadda ba mai ji sai shi. Ta ɗago kai ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta fito da kan harshenta tsakanin haƙora, a hankali, don ya gani.

"For your throat, sir."

Kalmar ta fita tsaf, ba tirot ba, ba sirot ba. Ta ɗora yatsa ɗaya a ɗan ramin da ke ƙasan haɓarta ta danna.

"Nan ne, ko? Wuya daban, maƙogwaro daban."

Kofin ya tsaya a hanya. Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi, ta ga idanunsa suna komawa baya suna ƙirga safiyoyin da ta miƙo masa kofin nan tana murmushi. Ya kalli ruwan cittar, ya kalle ta. Lafiyayyen haɗi ne, zuma cokali ɗaya, rabin lemon tsami, ba ta taɓa sa masa komai ba, amma ba ta ga dalilin gaya masa ba.

"Rekiya," ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa. Lasifikar tana hannunsa har yanzu, sunan ya fita ta cikinta, kowa ya ji har wajen katanga.

"Na'am, Oga," ta ce. "Sunana ke nan."

Ta ɗauki tirenta ta bi tsakanin rumfuna, wuyanta a miƙe, ta bar shi tsaye da kofin da ya kasa kaiwa baki.